Ranar da Aka Kira Ni Shaidar Gero

Na yi shekara goma sha ɗaya ina niƙa a Dutsin-Ma, cikin wani ɗan ɗaki da mijina, Malam, ya fasa wa ƙofa ta waje a jikin katangar gidanmu. Injin ƙarami ne, mai shan gas, mai tari kamar tsohon da ya daɗe da taba, amma shi ya riƙe mana cefane da sabulu da takalman yara. Da safe kafin in gama sharar tsakar gida robobi sun yi layi a bakin ƙofa, kowace da tsummanta a rufe.

Mai inji ta fi mai unguwa sanin cikin unguwa, kuma ba sai an gaya mata komai ba. Gidan da ke kawo tiya uku kullum, in ya koma biyu, na san aljihun maigidan ya fara ramewa. In aka fara cakuɗa masara da busasshen rogo, na san an shiga wani hali. In kuwa aka kawo dawa ba surfe aka ce in niƙa har da dusarta, to, tura ta kai bango. Tsohon da ya sayar mana da injin, ranar da ya gama koya mini ɗaura bel da ɗaure faranti, ya ce, "Ɗiyata, saura abu guda. Abin da kika gani cikin ƙwaryar mutane ki bar shi nan bakin inji. Ko mijinki kar ki kai mishi." Na ce to. Shekara goma na riƙe maganar nan, ni da kowa ya sani da baki, kuma ina jin kaina a kan haka.

A lokacin ina da wani ra'ayi wanda ba na ɓoyewa. Duk sanda aka kama ɓarawon akuya ko na waya, mata suka taru a bakin inji ana cewa ai talauci ne ya ja, sai in ɗaga murya ta danne ta injin. Hali ne, nake cewa, hali kuwa zanen dutse. Babanmu a Dabawa ya ga shekarar da muka yi wata guda muna cin tafasa da ƙuli, ga rogon maƙwabci nan a bakin hanyarmu, ko ganye bai taɓa tsinka ba. Malam tela ne, kekensa na zaure. In ya ji ni sai ya ajiye almakashi ya leƙo ya ce, "Ke dai kina cin tuwo sau biyu kina wa'azi." In ce da shi ai shi ma ba azumi yake yi ba. A yi dariya a wuce wurin.

Damina biyu kafin abin da zan faɗa, gari ya cika da baƙi. Mutanen ƙauyukan da ke bayan Kurfi da na yamma da mu suka yi ta shigowa, wasu a bayan akori-kura, wasu a ƙafa da tabarmi a ka, duk saboda mutanen daji. Haka muke kiran 'yan bindigar, kuma ko hakan ma ƙasa-ƙasa ake faɗa. Duk kangon da ba a gama ginawa ba sai ka ga an rataya buhu a tagarsa, hayaƙi na fita. Muka koyi sauraren babur. Guda ɗaya ba komai ba ne, amma in suka yi yawa a tare sai hira ta tsaya, ni ma in kashe inji. Magidanta da samari suka kafa sintiri a unguwa. Ɓarawo bai dame su ba kamar mai kai wa daji labari ko kaya. Ɓarawo akan zane shi, a zagaya da shi, a sake shi. Wancan kuwa akan ce za a je a yi masa tambayoyi a bayan gari. Na san mutum biyu da aka tafi da su haka, har yau matansu ba su san ko su yi takaba ba.

Cikin baƙin akwai wata mata daga wani ƙauye can bayan Tamawa. Suna zaune a kangon ƙarshen layinmu, ita da mijinta da 'ya'ya huɗu. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, kuma Hajiya take ce mini, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Mijinta ƙwadago yake yi a gonakin mutane ranar da aka samu. Na ji an ce a garinsu rumbu uku gare shi, ƙofarsa ake zuwa karɓar zakka. Mutum ne mai 'yar furfura a gemu, in zai wuce mata a bakin inji ba ya ɗaga kai. Niƙansu bai taɓa wuce rabin tiya ba, wani lokaci kuma sai a yi mako ban ga robarsu ba. Na lura, na kuma yi shiru yadda aka koya mini.

Sai marka ta zauna. Wannan shi ne lokacin da ya fi kowane tsanani, tsohon hatsi ya ƙare, sabo yana gona bai nuna ba. Ran nan da azahar, ana yayyafi, layi ba kowa, sai ga matar da kanta, ta ɓoye roba a cikin hijabi. Ina buɗewa ƙaurin hayaƙi ya buge ni. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na danna da farce, ta fashe, ga farin ruwa a ciki. Ɗanyen gero ne, an yanke shi bai ƙosa ba, an murje, an ɗan busar a kasko. Sabon gero bai shigo kasuwa ba, su kuma ba su da ko taki ɗaya na gona a garin nan. Na dube ta, ta dubi ƙasa.

"Ki yi hanƙuri, Hajiya," ta ce. "Ɗiya ba su iya jira shi bushe."

Na zuba. Ɗanyen hatsi ba ya zama gari, damewa yake yi ya danƙare a faranti. Inji ya yi gurnani ya shaƙe. Na kwance, na kankare, na ɗaure, da ƙyar na fitar mata da abin da za ta iya damawa. Bayan kwana huɗu ta sake kawowa. Karo na uku ya faɗo ranar da niƙan suna ke jirana, buhu guda, ga masu shi suna ta aike. Injin ya shaƙe har bel ya tsinke. Na yi zaman dirshan ina kankara da wuƙa, faranti da zafi, na ƙone a yatsa biyu. Ita ta ɗauki abinta ta tafi tana ba ni haƙuri, ni kuwa raina ya gama ɓaci.

A wannan halin Yaya ya same ni da la'asar. Shi ne babban wanmu. Babbar gonar gado da ke can cikin Dabawa ya bar ta tun bara, don ba mai iya zuwa, ya koma kan wata 'yar ƙarama a bakin gari, ga baki goma sha huɗu a gidansa. Ya zauna a benci ya cire hula, abin da ba ya yi a gaban mata. Ya ce ana yi masa yankan kai a gona. Kullum ya je sai ya ga kara a tsaye ba zangarniya, kunya guda, kunya biyu. Geronsa irin na zamani ne, gajere mai saurin nuna, shi ya sa aka fara da shi. Ya ce in aka ci gaba haka, ko na wata uku ba zai kai gida ba. Idonsa ya yi ja. Ban taɓa ganin Yaya haka ba, ko ranar da Baba ya rasu.

Ni kuma, da wuƙa a hannu da yatsu suna raɗaɗi, na ce, "Ai ni ma yau ɗanyen gero ya kashe mini inji."

Ya ɗago. "Ɗanyen gero? Na wa?"

Da a nan na tsaya da an wuce wurin. Amma na faɗa. Na ce na matar kango ne, sau uku ke nan. Har na ƙara da cewa ai dama na sha faɗa, hali ne. Magana zarar bunu, ta riga ta fita, sai na ce wa kaina ɗan'uwana na taimaka. Yaya ya mai da hularsa ya tafi. Shi ma ba mugunta ya yi ba, a majalisar ƙofar masallaci ya yi zancen, yana neman shawara. A zamanin nan kuwa ba a neman shawara a majalisa maganar ta kwana a nan.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, 'yan sintiri suka ɗauke mutumin daga gonar da yake maimai. Suka shiga kangon suka fito da ƙullin gero, wajen tiya biyu, a cikin tsohon zane. Daga bakin inji na hango su sun wuce da shi. Bai yi gardama ba, fartanyarsa ma wani ne ya riƙo masa.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga matar ta faɗo mini tsakar gida ba sallama. Ta ja ni ɗaki ta saki labule, ta durƙusa ta riƙe mini ƙafa. Na ɗauka zagi zan sha, kuma na shirya sha.

"Hajiya, za su kira ki da la'asar. Sun ce ke kika san hatsi. Don Allah, don Annabi, ki ce na yayanki ne. Ki ce sata ya yi."

Na ce, "Ke, kin san abin da kike hwaɗi? Mijinki hwa."

"Na sani. Ba na yayanki ba ne. Namu ne. Gonarmu ce."

Sai ta ba ni labari, tana yi tana waiwayar labule. Da ruwan farko ya sauka, mijin ya kasa zama. Ya ɗauki ragowar irin da ta ƙulle a cikin tufafi ranar da suka gudo, ya koma garinsu a ƙafa, ta bayan Kurfi, ya shuka. Garin ba kowa sai ƙadangaru. Ranar noman farko mutanen daji suka same shi a duƙe. Ba su kashe shi ba. Suka ce ya yi nomansa, ba mai hana shi, amma duk zuwan da zai yi ya riƙo musu gishiri da sukari da ganyen shayi da batir. In ya zo hannu wofi, ko ya daina zuwa, sun san inda yake zaune a Dutsin-Ma. Tun daga nan, abin da ya samu a ƙwadago rabi na gida, rabi na daji. Da yunwa ta yi yawa ya fara yanko geron ɗanye, yana murje shi can, ya ɗauro a cikin riga.

"Gishiri ne kawai, Hajiya, da sukari," ta ce. "Bai taɓa kai sunan kowa ba, wallahi. Amma in suka ji ya shiga dajin ga ya hito da rai, ba su tambaya tai komi. Kin san inda za su kai shi. Ɓarawo kau duka ne, shi dawo gida."

Na zauna a bakin gado. Tsoro na ji da farko, sannan haushi. Maƙwabciyata ta hannun dama, ɗanta na fari a hanyar Kurfi aka harbe shi yana dawowa daga kasuwa, ni na riƙe ta ranar da aka kawo shi. Waɗanda suka yi wannan, su ne ake dafa wa shayi da sukarin da mutumin nan ya ɗauka a kafaɗarsa. Wa ya san ko gishiri ne kawai? Ita ma abin da ya gaya mata ta sani. In na rufa masa asiri, gobe aka shigo layinmu, da wane ido zan dubi mutane? In kuma na faɗi gaskiya, ni ce na kashe shi, ni da bakina, saboda bel ɗin inji. Na ce da ita ta tashi ta tafi, ban yi mata alkawarin komai ba.

Bayan ta fita na je na duba abin da na kankare daga faranti, yana nan a kwano ban ba kaji ba. Akwai 'yan ƙwayoyin da ba su niƙu ba. Na zuba a tafin hannu na fita haske. Geron Yaya na san shi, ƙwayarsa gajera ce mai kauri, da ɗan haske. Wannan siriri ne mai duhu, tsohon irin ƙauye mai doguwar zangarniya, irin wanda kakanninmu ke shukawa. Da na dube shi da kyau tun ranar farko da na gane. Ban duba ba, don na riga na yanke hukunci.

Na samu Malam a zaure na gaya masa komai, a tsaye, da murya ƙasa. Ya tsayar da kekensa. Na ce ya gaya mini abin da zan yi. Ya ce, "Da kika yi ta farko ba ki tambaye ni ba." Na ce ba lokacin gori ba ne. Sai ya ce shi dai abin da ya sani, rai in ya fita ba a mai da shi, ƙarya kuwa ana tuba. Ya ƙara da cewa amma shi ma tsoro yake ji, kuma kada in ce shi ya sa ni.

Da la'asar aka aiko. Zauren mai unguwa ya cika, waje ma ya cika, hadari ya haɗu a gabas. An zaunar da mutumin a ƙasa, hannuwansa a ɗaure ta baya, leɓensa ya kumbura. Ga geron a faifai a tsakiya. Yaya na gefe guda a tsugune. Babban 'yan sintirin, wani ƙaƙƙarfan mutum da na sani tun yana sayar da itace, shi ke tambaya. Ya ce tun safe suke fama da shi ya faɗi inda ya samo, ya ƙi buɗe baki. Ya ce an nuna wa manoma uku, hayaƙi ya ɓata launin, kowa da abin da yake faɗa. Wani cikinsu ma ya ce wannan bai yi kama da geron bakin gari ba. Da ya faɗi haka sai na ji wani saurayi a bayana ya gyara riƙon gorarsa.

"Ke kika san hatsin kowa a unguwar ga," in ji babban 'yan sintirin. "Duba mana. Na yayanki ne, ko daga wani wuri ya hito?"

Na durƙusa na ɗebo. Na shinshina, na sa ɗaya a baki na tauna, ba don ina bukata ba, don dai in sami lokaci. Mutumin bai dube ni ba. Ƙafafunsa na gani, duk faso, da tsohuwar ƙaya da ta yi baƙi a diddige. Tafiyar da ke tsakanin nan da bayan Tamawa ba kaɗan ba ce.

Na ce, "Na Yaya ne."

"Kin tabbata?"

"Shekara nawa ina niƙa mishi? Nashi ne."

"Ki rantse."

Ban taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba, ko ina yarinya. Na ce wallahi. Kalmar ta fita a bushe, na ji kamar kowa ya gane. Babban ya juya wajen Yaya ya tura masa faifan. Yaya manomi ne tun kafin a haife ni. Ya ɗebi geron ya murza a tafinsa, na ga lokacin da ya gane, don yatsunsa sun tsaya. Ya ɗago ya dube ni, ni ma na dube shi. Ban san me ya karanta a fuskata ba. Ya zubar da geron a faifai ya kakkaɓe hannu.

"Nawa ne," ya ce. "Ni na yahe mishi."

Aka ce yafiya ta mai gona ce, horo na unguwa ne. Aka ce sai ya faɗa da bakinsa. Mutumin da ake zuwa ƙofarsa karɓar zakka ya buɗe baki a gaban yara da manya ya ce, "Ni na yanka. Sata na yi." Murya ba ta rawa, kamar mai karanta abin da aka rubuta masa. Aka fitar da shi waje aka yi masa bulala, ban tsaya na ƙirga ba. Aka ɗora masa faifan a ka aka zagaya da shi layi-layi, ruwa ya sauko ana cikin zagayen. Kafin magariba yana kangonsa, a raye. Na koma gida na ce da kaina ko ba komai na gyara abin da na ɓata.

Ban gyara komai ba. Washegari aka fara. Wanda yake yi wa maimai ya aiko a karɓi fartanyar da ya ba shi, ya ce ba ya sa ɓarawo a gona ana gab da kaka. Sauran ma haka. Ya je wajen masu gini neman ɗaukar bulo, aka ce siminti na ɓacewa. A masallaci, in ya shigo, sai ka ga mutane suna jawo takalmansu kusa. Mai kangon ya aiko daga birni cewa yana son wurinsa. Yankan kai kuwa bai tsaya a gonar Yaya ba, har aka girbe ana yi, ba a taɓa kama mai yi ba. Mutane suka ce ai abokansa ne. Yaya ya so ya ba shi aiki, amma ya ce da ni in ya yi haka za a tambayi dalili, in aka tono dalili kuwa mu uku za mu shiga.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Sau biyu na aika musu da gari a ɓoye. Na uku wata ta gan ni ta ce, "A'a, Hajiya mai inji, yau kuma ke ke ciyad da ɓarayi?" Na yi dariyar yaƙe, daga ranar ban ƙara ba. Mata suka ci gaba da taruwa a bakin inji, in zancen sata ya taso sai su juyo wajena suna jiran in ce hali ne, yadda na saba. Sai in ƙara wa injin wuta in yi kamar ban ji ba. Ban koma cewa talauci ne ba, don har yanzu ina tuna Baba da rogon maƙwabci. Amma Baba, da ya wayi gari da yunwa, akwai wanda zai ba shi ƙwadago, akwai gonarsa da zai taka ba da izinin kowa ba. Mutumin nan ban ga ƙofar da muka bar masa ba.

Ganina da shi na ƙarshe, wata safiya ce, yana zaune a kan bulo a ƙofar kangon, hannuwansa a kan gwiwa, ba ya yin komai. Manomi ne a tsakiyar aikin gona, ga rana ta fito. Na gaishe shi, ya amsa da ladabi, har ya tambayi Malam. Bayan mako guda aka ce ba a ganinsa. Matar ta ce wa masu tambaya ya tafi kudu neman aiki. Ba a jima ba ita ma ta kwashe yaran ta koma wata unguwa can ƙetaren gari. 'Yan sintiri suka ce an rage mugun iri.

Aka yi kaka, aka shiga da abin da aka samu. A watannin nan mutanen daji suka shiga ƙauyuka biyu da ke kusa da mu fiye da yadda suka taɓa matsowa, aka fara cewa masu zuwan sun san hanya, sun san gidan da ke da shanu da wanda ɗansa ke aiki a birni. Duk sanda na ji haka sai in tuna mutumin nan zaune a kan bulo. Ban gaya wa kowa abin da nake zargi ba. Malam ma muka daina zancen, in idonmu ya haɗu kowa ya kama abin da yake yi.

Wata ranar Laraba da azahar, layi ba kowa, mai babur ya tsaya a ƙofar inji ya sauke rabin buhun masara. Matar ce ta sauko. Da ƙyar na gane ta. Ta yi ƙiba kaɗan, sabon hijabi, takalmi mai kyau. Masarar busasshiya ce, fara tas, ko tsakuwa babu. Akwai injina da yawa tsakanin unguwarsu da tamu, ta wuce su duka. Muka gaisa kamar baƙi. Na tambayi yara, ta ce lafiya lau, biyu ma sun shiga makaranta. Ban tambayi mijinta ba. Na tayar da inji na niƙa, tana tsaye tana kallon garin yana zuba har na gama.

Mai babur ya ɗora buhun. Ta sa ƙafa za ta hau, sai ta dawo kamar ta manta wani abu. Ta matso har ina jin numfashinta a kunnena.

"Maigidana ya ce in gaishe ki. Ya ce bai manta ba. Ya ce in hwaɗa miki ki kwantad da hankalinki, ke da Malam da yayanki. Gidanku ba a taɓa shi."

Ta hau suka tafi. Na tsaya a bakin ƙofa, gari har gwiwar hannu, ina duban layinmu daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Gida goma sha ɗaya ne, kowanne na san abin da yake ci. Namu kaɗai ta ambata.